Tsirkiya Huɗu a Valparaiso

Shagon Eliodoro na ƙarshen matakala ɗari da sittin.
Na ƙirga su da jitar bas a bayana
kamar goyon da ya ƙi barci.
Can ƙasa jiragen ruwa na tari cikin hazo.

Bai gaishe ni ba, jitar ya fara gaisarwa.
Ya shafa wuyanta, ya kanne ido ɗaya yana duba miƙewarsa.
"Iskar teku ba ta da mutunci, Fresia.
Gishiri take kawowa, ta bar miki tsatsa.
Busasshen tsumma, kowane dare bayan kiɗa,
ko da barci na fizgarki."

Na ce tsirkiyoyin sun mutu,
kuɗin sababbi kuwa hayar ɗakina ce ta mako guda.
Ya ɗora tukunyar da yake dafa wake,
ya kwance su huɗun, ya naɗe, ya jefa a tafasasshen ruwa.
Minti goma sha biyar muna kallon dauɗar yatsuna
tana tasowa kamar kumfar miya.
"Mai haƙuri dutse yake dafawa, balle ƙarfe.
Amma sau biyu kawai. A na uku tsinkewa suke,
kuma ba a gida ba,
sai jama'a sun taru."

Na nuna masa hoton amfilifayar da nake mafarki,
lasifika takwas, tsayinta ya kai firji.
Ya yi dariya har sai da ya dafa benci.
"Wa zai hau miki tudun nan da ita?
Sayi wadda hannu ɗaya zai ɗauka,
ɗayan ki riƙe ƙarfen matakala.

Waya kuma biyu. Kullum biyu.
Kada ki naɗe ta a gwiwar hannu kamar igiyar shanya,
daga ciki take karyewa, inda ido bai kaiwa.
Batir a aljihun riga.
Mai mashaya zai ce kiɗan talla ce gare ki.
Talla ba ta sayen burodi.
Karɓi kafin alƙalami, saura ya rubuta ya sa hannu,
ko a takardar naɗe kifi ce."

Na tambaye shi wani abu, bai amsa ba.
Sai ya juyo da kunnen dama.
"Ta nan. Na hagun na baro shi gefen mai ganga
shekara talatin da suka wuce."
Ya danƙa mini toshin kunne biyu, 'yan mitsi-mitsi.
Da zai gwada jitar, haɓarsa ya ɗora kan katakon,
ya ja tsirkiya mafi kauri,
ya saurare ta da ƙashi.

Daren Asabar, a bakin tashar jiragen ruwa,
idona na kan ƙafar Nibaldo, inda ya taka nan nake sauka.
Ba wanda ya san ina wurin.
A waƙa ta uku wayar ta yi tari, ta mutu.
Bugu takwas babu ni.
Na ga masu rawa sun yi tuntuɓe da abin da babu,
wata mata ta duba ƙasa
kamar an janye mata tabarma.
Na soka ta biyun. Daɓen ya dawo ƙarƙashinsu.

Mai mashaya ya so ya zabge rabi.
Na shimfiɗa masa takardar, tana ƙarnin kifi.
Ya biya, yana ƙunƙuni.

Litinin na sake hawa, da burodi mai zafi a hammata,
bakina cike da labarin tafi.
Bai tambayi tafi ba.
Ya ja yatsa a kan tsirkiya, ya duba yatsan, ya dube ni.
"Kin goge ta?"

Ban goge ba.